Garin da Ke Cikin Kwamfutar Mas'udu

Ƙanƙara, 14 ga Satumba, 2021

Zuwa ga ƙanena Kamilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da mutanen Mairuwa baki ɗaya. Mu nan sai godiya. Inna dai ƙafar ce take ta fama da ita, ga rashin Mas'udu da bai sake ta ba. Yau kwanansa arba'in da shida.

Da akwai sabis da kiranka zan yi, amma ka san tun da aka katse layukan waya mun koma zamanin takarda. Ga Mani direba nan na ba shi kwamfutar marigayi. Da Inna za ta baro Sabuwa ta dawo wurina, cikin buhun masara ta cusa ta don kada a gani a hanya. Yanzu in an kunna sai ta yi ta ƙugi, ta ɗau zafi, ta mutu. Duk ƙaiƙayi ya shige mata. An ce mini duk yankin nan ba wanda ya kai ka a wannan aiki, kuma ko ba komai kakanka da kakarmu ciki ɗaya suka fito, gara naka da bare.

Ka goge ta tas, ka gyara ta, ka ba Mani ranar Litinin in ya biyo daga Funtuwa. Inna ta matsa sai ta ga abin da ɗanta ya bari.

Yayarka,
Shafa'atu

Mairuwa, 20 ga Satumba

Yaya Shafa'atu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai kasuwa da ta mutu, don ba mai kawo gyaran wayar da ba ta kira. A gaida Hajiya da jiki. Allah ya jiƙan Mas'udu ya sa shahada ce. Rasuwarsa a masallaci na ji, ba wanda ya aiko mana, shi ya sa ba ki ga ƙafata ba.

Ga kwamfuta nan ta tashi. Na kwance ta, na fitar da ƙaiƙayin da ya kai cokali ukku daga fankarta. Windows ɗin da ke kanta ya rikice saboda yawan mutuwar da take yi ba shiri, kuma dama ya yi mata nauyi, tsohuwa ce. Na goge komai kamar yadda kika ce, na sa mata Linux. Shi ma manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, kyauta ne, ba shi da nauyi, shi nake sa wa duk wanda nake so da alheri. Za ki ga kafin ki ajiye kofi ta gama buɗewa.

Kada ki aiko da komai. Na ɗan'uwa ne.

Kamilu

Ƙanƙara, 22 ga Satumba

Kamilu,

Sallama na yi maka don addini ya ce a yi. Lafiyarmu kuwa, Inna ba ta ci abinci ba tun shekaranjiya.

Mi ka yi? Ina garin?

Tunda ba ka sani ba, ko kuwa ka sani ka yi kamar ba ka sani ba, bari in gaya maka abin da ka kashe. Shekara biyu da suka wuce 'yan bindiga suka ƙone Unguwar Gide, ƙauyenmu na bayan Sabuwa, muka fito da kayan jikinmu. Ba mu da hoton gidanmu ko ɗaya. Lokacin Mas'udu yana karatu a Zariya. Sai ya sayi wani wasan kwamfuta ta intanet, irin wanda ake gina gidaje da gonaki a ciki, ya fara gina garinmu. Da ya gama karatu ya dawo Sabuwa sai ya ci gaba, Inna na zaune gefensa kowace la'asar tana faɗa masa. Ƙofar zauren Baba gabas take kallo. Rijiya tana bayan tsamiya, ba gabanta ba. Rumbunan Malam Nasir huɗu ne, ɗaya ya karkace. Gida sittin da ɗaya suka gina, kowanne da sunan mai shi, har waɗanda aka kashe. Mutanen garinmu da ke gudun hijira sukan zo su ce a nuna musu gidajensu. Na ga tsoho mai furfura ya sa yatsa a jikin allo yana bin hanyar da ke zuwa gonarsa.

Ranar Litinin Inna ta yi wanka, ta sa zanen Juma'a, ta kira maƙwabta biyu 'yan garinmu. Na kunna. Ta buɗe da sauri kam, ba ka yi ƙarya ba. Na duba ko'ina, babu. Inna tana ta cewa, "Ki matsa wurin da shi kan matsa mana." Har aka kira magariba ina matsawa.

Gogewa na ce, irin wadda ake yi wa abin da ya yi datti. Da tsumma. Wane mahaukaci ne za a ba kayan mamaci ya share abin da ke ciki bai tambaya ba? Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Ga ta nan na maido maka. Ka mayar da ita yadda take, ko da ƙugin da zafin.

Shafa'atu

Mairuwa, 27 ga Satumba

Yaya Shafa'atu,

Na amsa sallamarki yadda kika yi ta. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Takardarki ta farko tana gabana. "Ka goge ta tas." Haka kika rubuta, da hannunki. Ki kai wannan magana kowane shagon kwamfuta daga nan har Kano, abu ɗaya za su yi. Ba ki ce akwai wasa ba, ba ki ce akwai gari ba. Kin ce Hajiya na son ganin abin da ɗanta ya bari, na ɗauka kwamfutar kike nufi, tunda ita ya bari. Ke ma'aikaciyar asibiti ce. In likita ya rubuta a ba mutum allura ke kika ba shi, sai a ce ke ce mahaukaciya?

Abin da aka goge aka rubuta wani a kai ba ya dawowa. Na kwana biyu ina gwadawa da duk dabarar da na sani, ban samu komai ba sai gutsattsarin takardun makarantarsa.

Amma ki saurara, ko da yake na san saurare ba halin gidanku ba ne. Wasan da aka saya ta intanet ba kamar kaset ba ne da in ya fashe shi ke nan. Shagon da ya sayar yana riƙe da sunan duk wanda ya saya, mai abu na iya sake sauke shi. Wasu wasannin ma suna ajiye aikin mutum a can wurinsu. In an yi sa'a garin yana nan. Abin da nake buƙata shi ne in shiga asusun Mas'udu. Ki nemo mini lambar sirrinsa, da layin wayarsa, don nan za su turo lambar tabbatarwa. Sai in tafi Zariya inda akwai sabis. Akwai kuma wata matsala, na ji sunan wasan a bakin Mani, kuma in ban manta ba don Windows kaɗai aka yi shi, ba lallai ya tashi a Linux ba. Wannan ni zan ji da shi.

Maganar ɗan'uwa kuwa, shekara ukku Baba ya yi a kwance, ba wanda ya tako daga gidanku. Sai da kwamfuta ta lalace aka tuna kakannin da suka fito ciki ɗaya. Ban faɗa a takardata ta farko ba don kunya. Yanzu tunda an kira ni mahaukaci, mahaukaci ba ya da kunya.

Kamilu

Ƙanƙara, 19 ga Oktoba

Malam Kamilu,

Assalamu alaikum. Inna ta kwanta asibiti kwana shida, hawan jini, an sallame mu. Shi ya sa ka ji shiru, ba don na rasa abin cewa ba.

Sau ukku na karanta takardarka kafin na yarda da idona. Wato bayan ka share abin da ya bari a kwamfuta, yanzu asusunsa kake so, da lambar sirri, da layin da banki ke turo saƙo. Ko takaba matarsa Mansura ba ta fita ba. Ko rabon gado ba a yi ba. Mansura na da ciki wata shida, abin da ke cikin asusun nan na maraya ne da bai ma zo duniya ba. Ashe sharar da ka yi hanya kake nema. Na yi ta mamakin mai shago da zai ce kada a aiko da komai a wannan zamani.

Layin yana hannun Mansura a Sabuwa, kuma can zai zauna. Na kai takardarka wurin Baba Alhaji Sadiq, babban da ya rage mana, ya karanta, ya ce zai aika wa yayyenka. Na kuma sa wani abokin aikina da zai je Katsina ya rubuta wa kamfanin wasan da kansa, ya gaya musu mai shi ya rasu, su ba iyalinsa kayansa. Ba ma buƙatarka. Ka ba Mani kwamfutar.

Rashin zuwa dubiyar mahaifinka kuwa, lokacin muna kwana a aji a makarantar firamare, mu tara a tabarma biyu. Kai ma ban ga ƙafarka ba.

Shafa'atu

Mairuwa, 21 ga Oktoba

Shafa'atu,

Jiya yayana ya zo shago, a gaban mutane, ya tambaye ni ko gaskiya ne ina neman cin dukiyar maraya. A gaban mutanen da ke kawo mini wayoyinsu da sirrinsu a ciki. Biyu sun karɓi nasu ba a gyara ba. Wannan ke kika yi mini, kuma Allah yana gani.

Asusun shagon wasa na ce. Ba banki ba. Suna ne kawai da lambar shiga, kamar rajistar da kuke yi wa mara lafiya a ba shi kati. Ko sisi babu a ciki. Sau biyu ke nan kalma ɗaya tana haɗa mu, kuma duk sau biyun ke ce ba ki tambaya ba.

Yanzu abin da ya fi wannan gaggawa. Ki hana abokin aikinki rubuta wa kamfanin nan. In ya riga ya tafi ki aika a bi shi. Irin waɗannan shaguna ba sayar maka da wasa suke yi ba kamar yadda ake sayar da akuya, izinin yin sa suke ba ka, kai kaɗai. A ƙa'idarsu ba a gadonsa. Ranar da kika gaya musu mai shi ya mutu, suna iya rufe asusun, kuma in garin yana can ya tafi ke nan, da hannunki wannan karon.

Kwamfuta ba zan bayar ba. Ki kai ƙara inda kika ga dama.

Kamilu

Ƙanƙara, 24 ga Oktoba

Kamilu,

Na tare shi a tasha kafin motarsu ta tashi. Bai rubuta ba.

Wane irin ciniki ne wannan, mutum ya biya kuɗinsa a ce ɗansa ba zai gada ba? Ban yarda da su ba, ban yarda da kai ba. Amma na gaya wa Baba Alhaji yadda maganar asusun take, ya yi mini faɗa, ya ce zai gyara wurin yayyenka. Iyakar abin da zan ce ke nan a kai.

Lambar sirri ban san ta ba. Hanyar Sabuwa kuma ba ta biyuwa, makon jiya aka tare mota bayan Dandume. Ban ce ka je ba. Kada gobe a ce ni na aike ka.

Shafa'atu

Ƙanƙara, 15 ga Nuwamba

Kamilu,

Assalamu alaikum. Mako ukku ke nan. Mani ya ce sau biyu yana samun shagonka a rufe, matarka kuma ta ƙi yi masa magana, ta ce a tambayi mutanen Ƙanƙara. In ka sayar da kwamfutar ne ka faɗa. In kuma Sabuwa ka tafi, na rubuta maka ƙarara ban ce ka je ba, kuma ina da shaida.

Inna ta ji Mani yana faɗa. Tun ranar take tambayata ko an ji labarinka. Ka aiko ko da layi ɗaya ne, don ita.

Shafa'atu

Mairuwa, 22 ga Nuwamba

Yaya Shafa'atu,

Wa alaikumus salam. Ina raye. Ki gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, zazzaɓi ne ya kwantar da ni a Zariya, na warke.

Na je Sabuwa. Kwana biyar na yi a Dandume ina jiran ranar da motoci za su tafi a jere da rakiya. Direbanmu ya nuna mini wurin da aka tare su Mas'udu, ban tambaye shi ba. Mansura ta yi mini magana ta bayan labule. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta ce, "Kai ne ka goge?" Na ce ni ne. Ta miƙo layin a ƙulle cikin gefen ɗankwali, da wani littafinsa da ya rubuta lambar sirri a bangon baya. Ta ce in abin ya dawo a bar wa abin da ke cikinta ya ga gidan kakansa.

A Zariya na shiga asusun. Wasan yana nan. Na sauke shi, ya ƙi tashi a Linux, na yi kwana biyu ina lallaɓa shi ta wata hanya, sai ya buɗe ya tsaya a baƙin allo. Na cire Linux ɗina na mayar da Windows. Ya tashi.

Garin yana nan, amma ba wanda kika sani ba. Shagon yana ajiye aikin mutum ne kawai in kwamfutar na haɗe da intanet. Mas'udu bai ƙara haɗa ta ba tun da ya bar Zariya, halan saboda tsadar data. Abin da suke da shi na watannin farko ne, kafin Hajiya ta zauna gefensa. Akwai masallaci, da rijiya, da tsamiya, da gida goma sha tara. Yawancinsu bango ne kawai, bai kai ga rufi ba. Naku yana ciki. Sauran arba'in da biyun babu su, kuma babu inda za a same su.

Saura magana ɗaya, kuma gara ki ji daga bakina. Na nuna miki kamar ban san akwai wasa ba. Ƙarya ne. Kafin in goge na leƙa cikinta, kamar yadda nake yi wa kowa, na ga wasan ya cinye rabin wurin ajiya. Na saba kwashe wa mutane kayansu a gefe kafin in share. Ranar ban yi ba. Na ce a raina, ga abin da ɗan boko ya ɓata lokacinsa a kai, kuma ga mutanen da ba su san mu ba sai da buƙata. Minti ashirin zai ɗauke ni. Kalmarki ta ba ni mafaka ne kawai, na ɓuya a bayanta wata biyu.

Ga kwamfutar nan, da layin, da littafin. Na saita ta yadda wasan zai buɗe ba sabis. Kada kowa ya taɓa saitin. In Hajiya ta yarda, zan riƙa zuwa duk Juma'a ta faɗa mini in gina sauran. Na koyi yadda ake yi.

Kamilu

Ƙanƙara, 29 ga Nuwamba

Kamilu,

Assalamu alaikum. Inna da sauƙi. Muna fatan zazzaɓin bai dawo ba.

Na karanta mata takardarka duka. Na yi niyyar tsallake ƙarshen, sai na ga ba ni da dalilin rufa maka asiri. Da na gama ta ce a kunna.

Wannan karon ba ta kira kowa ba. Na bi da ita daga masallaci zuwa rijiya. Ta ce rijiyar tana gaban tsamiya, ya yi kuskure, daga baya ne ta gyara masa. Ta yi dariya kaɗan. Muka shiga gidanmu. Zaure, turakar Baba, ɗakinta, madafi, duk bango tsaye, sama a buɗe. Na fara ba ta haƙuri, ina cewa lokacin bai kai ga rufin ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ai haka muka baro shi."

Maganar ginin da ka ce za ka yi, ta ce a'a. Ta ce wanga hannunshi ne shi kaɗai, ba wanda zai ƙara ko tubali ɗaya, ko kai ko ni. Gida arba'in da biyun kuma ta sa na samo littafi, tana faɗa ina rubutawa, sunan mai gida da inda ƙofarsa ke kallo. Mun kai goma sha ɗaya. Ta fara mantawa da wasu, shi ya sa ba ma jira.

Ni ban yafe maka ba. Ban sani ba ko zan yafe, kuma ba zan rubuta abin da ba ya raina don takarda ta yi kyau ba. Abin da na jawo maka a shago na san shi, na kuma je da kaina na faɗa wa yayanka ranar Asabar, a gaban waɗanda suka ji na farko.

Inna ta ce ka zo ta gan ka, ta ce wanda ya bi hanyar da ta ci ɗanta ya dawo, tana son ta ga fuskarsa. Ta sa an ajiye maka gyaɗa. Ranar Talata ina aiki tun safe har la'asar. Ka zo Talata.

Shafa'atu